Gwaibar da Na Shimfiɗa a Jikin Katanga

Na zauna a ƙasashe da dama, da harsuna huɗu na ci abinci, amma abin da ya fi girgiza ni a rayuwa bai same ni a uwa duniya ba. A Suleja ya same ni, a tsakar gidan haya wadda faɗinta bai wuce taku shida ba. Kuma da hannuna na dasa shi, na ba shi ruwa shekara huɗu, har ranar da ya kayar da katanga a kan wata tsohuwa.

Aikina tafinta ne. Lokacin da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta koma Abuja, aka ce mu ma mu bi, ina da 'yan shekaru kaɗan kafin in ajiye aiki. Gida a Abuja ya fi ƙarfin irinmu, saboda haka na yi abin da sauran 'yan arewa suke yi, na nemi haya a Suleja. Kullum da sassafe mu cika mota mu wuce ta gindin Dutsen Zuma, da yamma mu dawo a gajiye. A unguwar Hashimi na sami wuri, ni da uwargidana, yara duk sun girma sun watse.

Mai gidan manomi ne, yana da gona a wajen Garam, a shekaru bai kai hamsin ba. Ya yanki wani ɓangare na gidan gadonsu ya gina ɗaki biyu na bulo da rufin kwano, ya fasa ƙofa ta kan hanya, ya sa haya. Abin da ya raba mu da cikin gidansa tsohuwar katangar ƙasa ce da mahaifinsa ya gina, ta ɗara ni tsawo da kamar tafin hannu. Ta bayanta muke jin daka da kukan akuya da tarin mahaifiyarsa. Rumfar tsohuwar a jingine take da wannan katangar. A nan take girkinta, a nan take yini. Inna muke ce mata, kamar yadda kowa a unguwar yake ce mata.

Shekarun baya an taɓa tura ni ƙaro ilimi wani ƙaramin gari a arewacin Faransa. Mutanen da suka ba ni ɗaki, wani tsoho da matarsa, suna da ɗan lambu a bayan gida. A nan na fara ganin bishiyar tuffa a manne da bango kamar an zana ta: gangar jiki a miƙe, rassa bibbiyu sun tafi dama da hagu a kan waya, hawa-hawa kamar tsani. Na tsaya ina kallo har sanyi ya kama mini kunne. Tsohon ya bayyana mini cewa bangon dutse yana shan rana da yini, in sanyi ya sauko ya mayar wa bishiyar da ɗumin, ga shi kuma ba ta cin wuri. Ya koya mini datsa da ɗauri duk tsawon zamana. Daga baya na ga an yi wa rumman haka a Maroko, na ga inabi a jikin bango a Masar, amma ban taɓa samun bangon da zan gwada ba. Ko dai ina hawa na uku a gidan bene, ko kuma wata shida ne a ce in tashi.

Da muka tare a Suleja na ce zan dasa bishiya. Uwargida ta ce ba a tsakar gidan nan ba, inda ko shanya da ƙyar ake yi. Na ce mata zan kawo mata bishiyar da ba za ta ci mata ko taƙi biyu ba. Ta ce ta ji.

Na tambayi mai gidan, kada a ce ban tambaya ba. Na ce masa ina son in dasa gwaiba a gindin katanga. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ai gidanka ne, Alhaji."

Har yau wannan amsar tana tsaya mini a rai. Na san cewa a Alƙahira in mai mota ya ce ka bar kuɗin, ba cewa yake ka bari ba. Na sha zaunar da Turawa ina yi musu bayanin cewa a wurinmu ba kowane "to" ne yarda ba, a duba shirun da ya zo kafinsa. Wannan shi ne aikina, ana biyana a kansa. Amma da aka zo kaina, a cikin harshen da na sha a nono, sai na ɗauki maganar a yadda ta fito, don ita nake son ji.

A mararrabar Diko na sayi dashen, a wurin masu jera su cikin baƙar leda a bakin titi. Na dasa ta taƙi ɗaya daga katanga. Da ta kai gwiwa na datse kanta, na bar toho uku, na tsakiya ya hau sama, biyun su zama hannuwa. Aikin ba na ƙarfi ba ne, na haƙuri ne. Reshe tun yana ɗanye ake lanƙwasa shi, kuma ba a kwantar da shi rana ɗaya. A fara ɗaure shi a karkace, bayan mako biyu a ƙara sauke shi, har ya kwanta a kan waya da kansa. Da tsumma nake ɗauri, tsohon zanen uwargida na yayyaga, don waya tana cin ɓawo. Duk tohon da ya nufo fuskata ko ya nufi katanga, in tsinke shi da farce. Gwaiba ba tuffa ba ce, wannan ni na koya wa kaina. Ita a sabon reshe take 'ya'ya, kuma da damina abin da bishiyar Faransa za ta yi a shekara ita a mako shida take yinsa. In na yi tafiyar kwana goma, in dawo in tarar ta fito da gashi buzu-buzu kamar ba ta san ni ba.

Wayar ce ta ba ni wahala. Ƙusa ba ta kama katangar ƙasa, da ka ja sai ta fito da gari. Sai na fiƙe turakun itace masu tsawon kamu guda, na riƙa buga su da guduma har su nutse, hawa huɗu, kowane hawa turke huɗu. Na ji daɗin wannan dabarar ƙwarai. Ruwa kuwa ban yi mata rowa ba. Na mayar da wurin alwalata gindinta, da rani kuma safe da yamma sai na juye mata bokiti.

A cikin katangar ƙasa aka haife ni. Ina yaro na taka ƙasar gini da ƙafata, na san cewa kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe: a kwaɓa jar ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a bi jikin katanga da hannu a toshe duk inda damina ta ci, musamman kai da gindi. Na san katangar da aka daina yi wa haka kwananta ƙidayayye ne. Ban manta ba. Shekara talatin a cikin siminti ne suka sa na ajiye sanin a wani lungu, ban ƙara leƙa shi ba.

Da bazara ta farko mai gidan ya yi sallama, shi da magini, sun zo yaɓen ɓangarenmu. Ya daɗe tsaye gaban gwaibar yana kallon turakun. Ya ce katangar ta tsufa, tun yana yaro aka gina ta, kuma irinta ba ta son laima a gindi. Na ce ai tsohon bango shi ne kyan abin, na ɗauko masa labarin Faransa tun daga farko, da bangon dutse da ɗumin rana da tsohon da ya koya mini. Ya saurara har na gama. Ya ce ikon Allah. Suka yaɓe dama, suka yaɓe hagu, suka bar tsakiya inda wayoyi suke, tunda ba ta yadda hannu zai shiga.

Ba da daɗewa ba Inna ta zagayo ta ƙofar kan hanya ta kawo wa uwargida daddawa. A lokacin da ƙafarta take zuwa ko'ina, har kasuwa, ba sanda. Ta ajiye kwanon ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Alhaji, me ta sata?"

Na ce wa.

"Wannan baiwar Allah da ka ɗaure hannuwa a buɗe. Ko alƙali ne ya yanke mata?"

Na ce tarbiyya nake koya mata, irin ta ƙasar waje. Ta ce ita dai ta ga tarbiyya iri-iri, ba ta taɓa ganin wadda ake yi da guduma ba, duk bugun da na yi a ƙoƙon kanta ya sauka, har ƙasa ta zubar mata a miya. Muka yi dariya. Da za ta fita ta waiwayo ta ce, "To Allah ya sa ita katangar ta yarda, don ita ba a tambaye ta ba." Na ƙara yin dariya. Tun daga ranar ta sa mini suna mai ɗaure bishiya, in ta ji motsina ta bayan katanga sai ta tambaya ko fursunan ya kwana lafiya.

A shekara ta biyu gwaibar ta fara 'ya'ya, manya, masu jan ciki. Nunannu luguf nake zaɓa wa Inna saboda haƙoranta, in miƙa kwanon ta saman katanga. Takan ce bishiyar kowa tana leƙa gidan maƙwabta ta zubar musu, tawa kaɗai ce aka hana zumunci.

Bazarar da ta biyo baya, wata ranar Laraba na dawo daga Abuja na tarar da tulin jar ƙasa a tsakar gidana, daidai gaban gwaibar, an gauraya ta da yankakkiyar ciyawa. Uwargida ta ce mai gidan ne ya sa aka shigo da ita a baro, daga Garam aka kwaso, ya ce a gaya wa Alhaji ga ƙasa nan, ya san abin da za a yi da ita. Na ji wani irin daɗi. Na ce ka ga manomi, ya ga bishiya tana ƙoƙari ya kawo mata gudummawa.

Uwargida ta ce, "Alhaji, ƙasar nan fa da ramno ta zo."

Na ce ai shi ne amfaninta, ciyawar za ta ruɓe ta zama taki. Ta dube ni, ta shiga ɗaki. Ranar Asabar na tuɓe riga na kwashe ƙasar nan tas. Rabi na baza a gindin gwaibar. Da sauran rabin na yi mata kewaye kamar bakin kwano, daga katanga ya zagayo ya koma katanga, don duk ruwan da na zuba ya zauna ya shiga ƙasa a hankali kada ya gudu. Na aika wa mai gidan godiya da kwanon gwaiba. A wannan shekarar ba wanda ya zo yaɓe a ɓangarenmu. Na lura, na ce ko aikin gona ne ya yi masa yawa. Bayan 'yan makonni na hango kawunan gwafa biyu sun ɗan leƙo ta saman katangar daga cikin gidansu. Na ɗauka igiyar shanya za su ɗaura.

A shekara ta huɗu gwaibar ta cika. Hawa huɗu, hannuwa takwas, faɗinta ya kai taku biyar, kaurinta daga katanga bai wuce taƙi biyu ba, kamar yadda na yi alkawari. Ganye ya rufe katangar ruf, ba ka ganin ƙasa ko kaɗan. Abokan aiki sukan biyo ni daga Abuja don su gani. Wani ɗan kudu ya kawo kyamara ya ɗauke ni hoto a gabanta, yana cewa ko a gidan jakada bai ga irinta ba. Ina da hoton har yanzu. Na yi tsaye da almakashi a hannu ina murmushi, a bayana kuma, in ka duba ƙasa ta tsakanin ganye, akwai wani duhu a gindin katangar wanda ya kai gwiwa.

Ruwan Suleja ba irin na garinmu ba ne. A can a yi ruwa a ɗauke, rana ta fito ta busar. A nan cikin Agusta sai a yi kwana da kwanaki ana marka, kaya su yi fumfuna a cikin akwati. A wannan shekarar an yi kwana biyar ba a ga rana ba. Ranar Asabar bayan la'asar ruwan ya tsagaita. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki da rediyo, ina jin Inna ta bayan katanga tana hura wuta tana faɗa da jiƙaƙƙen itace.

Abin da na fara gani wayar sama ce ta saki. Sai ta ƙasanta. Na ji ƙas, ƙas, turaku suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar faɗuwar ba ta kai yadda mutum zai zata ba, kamar an jefo babban buhun hatsi daga kan mota ne. Sai na ga haske ta bayan ganye, inda shekara huɗu ba haske.

Gwaibar tana nan tsaye. Hannuwanta takwas a buɗe, ba abin da ke bayansu. Ta tsakanin rassan ina kallon cikin gidan mutane, da turmi, da randa, da matar mai gidan a tsaye da ludayi a hannu ta kasa motsi. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da na miƙe, rassan na fara dubawa ko sun karye. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma na duba. Sannan idona ya sauka ƙasa na ga rumfar ta kwanta, na ga tafin ƙafa ɗaya ya fito daga ƙarƙashin jar ƙasa.

Da hannu muka tona, ni da uwargida da matar mai gidan da maƙwabta da suka shigo. Mai gidan yana gona. Gwafannin nan biyu su ne suka tare mafi nauyin ƙasar, da ba don su ba da gawa za mu ciro. Muka same ta a kwance a gefe ɗaya, fuska duk toka, tana salati a hankali. Da muka zo ɗaga ta sai ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce kada a taɓa ƙugun. A bayan a-kori-kura muka kai ta asibiti. Ƙashin ƙugu ya karye.

Washegari da safe na tsaya na dubi wurin. Katangar dama tana tsaye, ta hagu tana tsaye, duk inda aka yaɓe lafiya lau. Giɓin da ya faɗi daidai faɗin bishiyata ne, kamar an auna da igiya. Gindin ya yi baƙi ya yi laushi, na sa yatsa ya nutse kamar a tuwo. Saiwoyi masu kaurin yatsa sun ratsa ta ciki. Kowane turke gara ta bi shi ta cinye, ta bar rami, ruwan sama ya bi ramin har tsakiya. Ga kewayen da na gina da hannuna yana nan cike da ruwa.

Maginin nan ya zo duba aikin. Shi ba ɗan garin ba ne, kuma ba ya tauna magana. Ya tambaye ni ina ƙasar da suka kawo bara. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon kewayen. Sannan ya gaya mini dalla-dalla, kamar yadda ake yi wa baƙon da bai ji harshe ba, cewa in mai gida yana jin nauyin wanda ke zaune a ɓangarensa, ba ya cewa kawar da kayanka. Ƙasar yaɓe yake kawowa ya zube a gaban bangon. Wanda ya ga jar ƙasa da ramno ya san an ce masa a ba da wuri, sai ya kawar da abin da ya tare, ya aika a zo. Ya ce kwana uku suna jiran aikena. Da aiken ya zo, kwanon gwaiba ne. Daga nan mai gidan ya ce a bar maganar, a tokare ta baya da gwafa.

Na juya na dubi uwargida. Sai da maginin ya fita ta ce ai ta gaya mini da ramno ta zo.

Ina nan tsaye mai gidan ya yi sallama. A asibiti ya kwana, idonsa ja. Na shirya wa kowace irin magana, har da a ce in kwashe kayana. Sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya ce ya zo ba da haƙuri ne, katangarsa ta faɗi ta bar iyalina a buɗe, yau ɗin nan za a kafa zana kafin ruwa ya ɗauke a yi gini. Ya tambaya ko bishiyar ta ji ciwo.

Na zauna a kan turmi. 

Na ce, "Malam, me ya hana ka gaya mini?"

"Na gaya maka, Alhaji."

"Ban ji ba."

"Ka girmi babban wana, kuma baƙona ne kai. Da wane baki zan ce ka cire abin da ka dasa?"

Na tambaye shi me ya sa bai ko tashi Inna daga gindin katangar ba, tunda ya san halin da ake ciki. Ya ce ya yi ƙoƙari har sau biyu. Ta ce tun da aka kawo ta gidan a nan take girki, gwafa za ta riƙe. Ta kuma ce in ta tashi, Alhaji zai daina jin motsinta, zai tambaya, in ya ji dalili ba zai ji daɗi ba.

Wato su duka sun sani. Shi ya sani, matarsa ta sani, magini ya sani, uwargidana ta yi zato. Tsohuwar da take zaune a ƙarƙashin abin ta fi kowa sani, tana tsokanata ta bayan katanga tana cin gwaibata. Ni kaɗai, mai harsuna huɗu, nake yawo da almakashi. A Faransa da tun ranar da na buga turken farko maƙwabci zai ƙwanƙwasa mini ƙofa, mu yi cacar baki, mu yi wata guda ba ma gaisawa, bangon kuma ya tsaya. Na daɗe ina juya wannan a raina, ina neman in ɗora musu wani kaso na laifin. Ban iya ba. Sun yi magana da harshen da aka haife ni a cikinsa, har sau nawa.

Aka kafa zana a kan layin tsohuwar katangar. Bayan mako uku aka dawo da Inna gida, mai ɗori ya riƙa zuwa. Nakan zagaya in gaishe ta daga bakin ƙofar ɗaki, ta amsa a gajiye, ba tsokana. Gwaibar kuwa, kamar da gayya, ba ta taɓa yin 'ya'ya irin na wannan shekarar ba. Suna nuna suna faɗuwa suna ruɓewa, ban iya tsinka ba, ban iya aikawa ba. Na daina alwala a wurin. Na daina datsa, ta fara fito da rassa ta ko'ina.

Da ruwa ya ɗauke na ji an ce ranar Litinin za a fara gini, da bulo wannan karon. Na san ba yadda za a haƙa tushe a kan tsohon layi bishiyar tana nan, na kuma san mai gidan zai gwammace ya haɗiye harshensa da ya ce in cire ta. Na ce wannan karon na gane, ba sai an zube mini ƙasa ba. Ranar Asabar bayan na karya kumallo na ɗauki adda. Ban gaya wa kowa ba, ko uwargida sai ƙarar sara ta ji ta fito. Na fara da hannuwan, daga sama zuwa ƙasa, kowanne na san ranar da na fara lanƙwasa shi. Sannan gangar jikin. Na tone saiwar da diga har hannuna ya yi kanta. Kafin azahar wurin ya zama fili.

Na wanke hannu na sa riga na zagaya na yi sallama da mai gidan. Na ce masa na ba da wuri, magini ya shigo duk lokacin da ya ga dama. Ya dube ni kamar bai fahimta ba. Da ya fahimta sai fuskarsa ta canza. Ya ce wa matan gidan su shiga ɗaki, ya kama hannuna ya shigar da ni cikin gidan.

A bayan zanar, taku biyu cikin tsakar gidansu, an ja igiya an haƙa ramin tushe daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ranar Alhamis da Juma'a suka haƙa, ina Abuja. Uwargida ta ji sara, ta ɗauka ɓaraguzai ake kwashewa. Sun matsar da murhu, sun matsar da randa, sun yanki tsakar gidansu da dama can ba ta ishe su ba, don sabuwar katangar ta wuce nesa da saiwar, bishiyar ta zauna. Ya ce Inna ce ta ce a yi haka. Sun bar shi ne sai ranar Litinin in gani da idona.

Tana kwance a tabarma a inuwar ɗakinta, ga sabuwar sanda a gefe. Ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce tun safe take jin sara a ɓangarenmu, ko fursunan ne aka sassauta wa ɗauri.

Na ce, "Na sare ta, Inna."

"Duka?"

"Har saiwa."

Ta daɗe tana kallona. Ta dubi ramin tushen, ta dubi ɗanta.

"To ni a kan me na karye ke nan?"

Ban sani ba ko wasa take yi. Ɗanta ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Can ta ce ai shi ke nan, ta juya fuskarta bango.

Na roƙi mai gidan a cike ramin a mayar da ginin kan tsohon layi. Ya ce an riga an haƙa, kuma abin da aka bayar an bayar. A nan aka gina katangar, ta bulo, mai kama ƙusa da kyau. Tsakar gidanmu ta ƙaru da taku biyu, daga taku shida ta koma takwas. Shekara uku muka ƙara a gidan kafin in ajiye aiki mu koma garinmu, ban dasa komai a wannan filin ba. Uwargida ta ɗaura igiyar shanya a wurin. Inna ta tashi daga baya, tana jan ƙafa da sanda daga ɗaki zuwa murhu, amma ba ta ƙara zagayowa ta ƙofar kan hanya ba. In za ta aiko da daddawa, matar ɗanta ke kawowa.